Inda Gani Bai Kori Ji Ba

Ƙamshi ne ya fara yi mini maraba, tun kafin masu gida su fito. Na sauko daga raksha, wato a-daidaita-sahun mutanen can, ina kakkaɓe ƙurar hanya daga mayafina, sai ya cika mini hanci: ga tsami, ga zaƙi, ga ƙaurin dawa a kan wuta, citta da kirfa suna biye. Ban san sunan abin da ake toyawa ba, amma na san danginsa. Haka tsakar gidanmu a Kano take yi ranar da aka kwana da ƙullin waina.

Watan Sha'aban ne na 1443, wato Maris ɗin 2022. Duk gidan da ka wuce a ƙauyen da na sauka, yamma da garin Hasahisa a yankin Jazira na ƙasar Sudan, mata na bakin wuta suna toya hulu-mur, abin sha na buɗa-baki da Basudane ba ya ganin azuminsa ya cika in babu shi. Sunan Larabci ne, ma'anarsa mai zaƙi mai ɗaci. Dawa ake jiƙawa ta tsiro, a shanya, a niƙa, a haɗa da talgen garin da bai tsiro ba, a zuba kayan ƙamshi da tsamiya da zoɓo, a bari ya kwana ya yi tsami, sannan a toya shi falle-falle a ninke. Ranar sha sai a jiƙa, a tace.

Zumunci ne ya kai ni. Wan kakata ta wajen uwa ya bar ƙasar Kano a ƙafa da niyyar aikin hajji tun ba a haifi mahaifiyata ba. Guzuri ya ƙare masa a Jazira, ya tsaya tsinkar auduga don ya tara kuɗin ƙetare Bahar Maliya, ya yi aure, ya haihu, ajali ya same shi a nan. Ɗansa, wanda nake kira Kawu, ya haura saba'in bai taɓa ganin Dala ba, amma Hausarsa garau take, har da kalmomin da mu muka daɗe da yarwa. Labarin ba na gidanmu kaɗai ba ne. Hanyar gabas tsohuwa ce, ta kuma ƙara cika bayan yaƙin Burmi a 1903, lokacin da jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka bi ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno har bakin Shuɗin Nilu, suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa kudu da Sinnar. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe gandun Jazira, sai matafiya da yawa suka ajiye kaya.

Daga Khartum tafiyar wajen awa biyu ce a bas. Ka tashi daga Mina Barri, ka wuce Soba, ka wuce masana'antun Jiyad, ka wuce Kamlin da Abu Ushar, kogi yana hagunka yana ɓuya yana bayyana. Damanka kuwa fili ne shimfiɗe kamar tabarma, baƙar laka mai tsagewa in ta bushe, magudanan ruwa sun yanka ta a miƙe kamar an ja da zare. Fadan miliyan biyu da 'yan kai ne in an haɗa da ƙarin Manaƙil, fadan kuwa ya ɗan ɗara eka. Ruwa na fitowa daga babbar magudana zuwa abu ishirin, daga nan zuwa abu sitta, sannan ya shiga hawasha, wato gonar da aka yanka wa kowane manomi. Yawancin namu ba su da hawasha. Su ne hannun da ke yin aikin, suna zaune a kanabi, ƙauyukan leburori na gefen magudana, waɗansu tun zamanin Turawa, kuma har yau da yawansu ba su da takardar filin da suke kwana a kai. Wannan magana tana ci mini rai, kuma tana bukatar zamanta daban.

Matar Kawu, Inna, ita ce mai murhun gidan. A kusurwar madafinta akwai wata tukunyar ƙasa mai murfi, bakinta ya yi santsi don tsufa, sunanta hammara. A ciki ake kwaɓa ƙullin kisra, burodin dawar nan mai kaurin takarda da ake ci safe da yamma. Ba a wanke hammara tas. Kullum sai an bar ɗan saura a gindinta, shi ne irin gobe, kamar yadda Bafillatana take barin ɗan tsohon nono a ƙwarya don sabuwar madara ta kama.

Washegarin zuwana na tashi da asuba na same ta tsugune gaban tukunyar. Ta ɗaga murfi, ta karkata kunne kamar mai sauraron raɗa. Ta sunsuna. Ta tsoma yatsa, ta murza tsakanin manuni da babban yatsa, ta kai bakinta. Sai ta mayar da murfi ta ce a bar shi zuwa hantsi.

Na ce, "Inna, ta yaya kike sanin bai yi ba?"

Ta ce, "Ina ji mana, 'yar nan."

"Me kike ji?"

"In yana aiki yana magana, ƙis-ƙis-ƙis. In ya yi shiru da wuri, irin ya gaji. Tsamin kuma iri biyu ne, akwai mai tsayawa a harshe, akwai mai hawa hanci. In na ji mai hawa hanci na makara."

Na daɗe ina juya amsar nan. A Hausa kalma ɗaya ce ta ɗauki aikin kunne da hanci da harshe da fata: ka ji ƙara, ka ji wari, ka ji tsami, ka ji ɗumi. Ido kaɗai aka ware aka ba shi tasa kalmar, har muka ce gani ya kori ji. Inna ta yi aikinta duka da ji, ba ta ko tsaya duban cikin tukunyar ba. Da hantsi ya yi ta tsinka ƙullin, ta shafa mai a kan farantin ƙarfen da suke kira saj, ta zuba, ta ja shi da gargariba, wani ɗan guntun kaba, sau ɗaya hagu sau ɗaya dama. Kafin minti ɗaya ta ɓare falle ta ɗora kan faifai.

Ni malamar kimiyyar halittu ce a makarantar 'yan mata, don haka na san masu maganar nan ta cikin tukunya. Bakteriya ne masu juya sukarin hatsi ya koma tsami irin na nono, tare da yisti masu fitar da iska. Cikin kwana ɗaya sukan sauko da ma'aunin tsamin ƙullin daga wajen 6 zuwa ƙasa da 4, kuma a irin wannan tsami yawancin ƙwayoyin cuta ba sa iya zama. Farfesa Hamid Dirar na Jami'ar Khartum ya fitar da babban littafi a 1993 a kan abincin Sudan da ake tsimawa, ya tattara fiye da iri 80, kusan dukansu aikin mata ne. A kasuwar Hasahisa, kusa da masu agashe da masu godo-godo, waɗanda duka sana'ar mutanenmu ce, na ga biyu daga ciki da suka sa na tsaya. Ɗaya furundu, 'ya'yan zoɓo da aka ruɓar, wato daddawar batso sak. Ɗayan kawal, baƙaƙen dunƙule masu ƙarfin wari, waɗanda mutanen Darfur suka fi yi. Da na tambaya da me ake yi aka nuna mini ganyen, sai ga tafasa. Tafasar nan da muke kwaɗawa da ƙuli, su sukan daka ta, su danna a tulu, su binne a inuwa, suna buɗewa bayan kwana uku-uku suna juyawa har wajen mako biyu, ta zama abin miya a madadin nama.

Autar gidan ta karanta kimiyyar abinci a Jami'ar Jazira da ke Madani, wadda aka kafa a 1975, ta kuma yi 'yan watanni tana koyon aiki a ɗakin gwajin wata masana'anta. Ita kaɗai ce mace a layinsu da ta kai nan. Ta ji hirarmu da Inna, ba ta ce komai ba. Da rana ta ɗaga sai ta ja ni ɗakinta ta ce, "Yaya, zo ki ga tawa hammarar."

Daga ƙarƙashin gado ta jawo kwalin takalmi. A ciki akwai guntun baƙin bututun roba, an huda shi ta sama daidai shigar kwalbar gwaji. A gefe ɗaya ta dasa ɗan ƙaramin ƙwan lantarki mai jan haske, irin na jikin caja. Daura da shi ta dasa wata 'yar ƙwaya mai gane haske. Wayoyi sun tafi zuwa wani ɗan allo mai nuna lamba, batirin cajin waya yana ba shi wuta. Aikin kammala karatunta ke nan. Haske ya taso daga ƙwan, ya ratsa ruwan da ke cikin kwalba, ya isa wajen ƙwayar. In ruwan garau yake, kusan duka hasken zai isa. In akwai ƙananan halittu a ciki, kowace za ta karkatar da ɗan haske, sai abin da ya ƙetare ya ragu. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Katsina da daddare a tsakiyar hunturu ya san wannan: ba ka ganin ƙwayar ƙura ko ɗaya, amma yadda fitilar motar da ke tahowa ta dushe shi zai gaya maka kaurin hazon. Lambar da allon ke nunawa ma'aunin dushewar ce. In ta nuna 1, kashi ɗaya cikin goma na hasken ne ya ƙetare. In ta nuna 2, ɗaya cikin ɗari. A ɗakunan gwaji na duniya an saba yin wannan awo da haske mai ruwan lemo, na nanomita 600.

Ta ce muna bukatar molas. Muka hau gadar da ta haɗa Hasahisa da Rufa'a muka ƙetare gabas, muka nufi wajen Junaid, inda masana'antar sukari ta farko a Sudan ta fara aiki a 1962. Kakar matsar rake ba ta ƙare ba, motoci na ta wucewa da lodi, karare na zuba a kan kwalta, yara na tsinta. Molas shi ne baƙin maɗin da ke saura bayan an cire sukarin da zai ciru, mai kauri kamar kwalta, kusan rabinsa har yanzu sukari ne. Kowane tan 100 na rake yakan bar tan 3 zuwa 5. A wajen wani mai sayar da abincin dabbobi muka sayi 'yar jarka. A hanya take gaya mini cewa masana'antar Kinana, can bakin Farin Nilu, ta buɗe sashen yin itanol daga molas a 2009, mai iya fitar da lita miliyan 65 a shekara, kamfanin Dedini na Barazil ya gina shi. Man mota ake yi da shi, da ruwan goge hannu na asibiti. Yisti ne ke yin aikin: ya ci sukari, wajen rabin nauyinsa ya koma itanol, sauran ya tashi iska.

Bayan azahar muka fara. Ta tafasa ruwa, ta bari ya huce, ta zuba molas kaɗan har ya koma kalar shayi marar ƙarfi. Ta ɗebo takin yuriya daga buhun Kawu, abin da bai fi kan farce ba, ta jefa. Ta ce molas yana da sukari amma ba shi da isasshen abin gina jiki, masana'antu ma haka suke yi, sai dai su da buhu. Ta cika kwalbar gwaji da ruwan zalla ta saita na'urar a kan sifili, don kada launin molas ya shiga lissafi. Sannan ta raba ruwan kwalba biyu, kowace ta sa mata 'yan ƙwayoyin yistin burodi. Ta biyun ta ƙara mata cokali ɗaya na ruwan da ya kwanta a saman ƙullin Inna, bayan ta tace shi da ƙyalle. Wannan ta yi shi ne Inna na barcin rana.

Awon farko 0.05. La'asar ta yi, lambar na nan daram. Yistin na farfaɗowa daga bushewa, yana sanin sabon gida, kamar baƙon da bai saki jiki ba tukuna. Gab da magariba ta nuna 0.1. Da ƙarfe 8 ta kai 0.2, da ƙarfe 10 kuma 0.4. Kowace ƙwayar yisti tana fitar da ɗan tsiro a gefenta, ya girma ya ɓalle, shi ma ya fitar da nasa, jama'ar na ninkuwa duk wajen awa biyu. Muna zaune a kan angarib, gadon igiyar nan na tsakar gida, fitila a tsakaninmu, kwaɗi na kuka daga magudana. Duk awo sai ta girgiza kwalbar, don yisti yana kwantawa ƙasa. Sau ɗaya lambar ta yi tsalle ba dalili, ta zaro kwalbar gwajin ta haska, ashe kumfa ce ta manne a gilashi daidai hanyar haske. Ta ɗan buga da farce, lambar ta dawo. Ni ce mai rubutawa, ina ɗiga ɗigo a takarda mai gida-gida.

Shekara 15 ina zana wannan layi da alli: ya fara a kwance, ya hau, ya miƙe, ya gangara. Bafaranshe Jacques Monod ne ya tsara lissafinsa a shekarun 1940, ɗalibaina kuma sun haddace shi sun ci jarrabawa da shi. Ban taɓa ganinsa yana fitowa daga ruwa mai rai ba sai a daren nan. Makarantarmu tana da na'urar auna haske ta gaske, an kawo ta a kwali, an kulle ta a sito, don babu tsayayyiyar wutar da za ta riƙe ta, kuma babu mai so ta lalace a hannunsa. Da na tuna 'yan matan da suka wuce ta ajina ba su ga abin da yarinyar nan ta haɗa da bututu da ƙwan caja ba, sai da ƙwalla ta taru mini.

Tsakar dare lambar ta doshi 0.7, daga nan ta fara nawa. Na ce ko abinci ya ƙare musu. Ta ce a'a, na'urar ce ta fara makancewa. In taro ya yi yawa, wani yana ɓoye bayan wani, hasken da ɗaya ya karkatar wani ya sake mayar da shi hanya, sai lamba ta daina bin gaskiya. Daga nan sai tana surkawa da ruwa kashi biyar, ta auna, ta ninka.

Da asuba muka yi awon ƙarshe. Kwalba ta farko ta ba da 2.1, ta biyu 2.3. A wajen na'urar, kwalaben nan biyu kusan abu ɗaya ne. Inna ta idar da salla, auta ta miƙa mata su ba tare da ta ce komai ba. Ta sunsuna ta farko, ta kawar da kai ta ce, "Wannan a kai bayan gida a zubar, ba warin gidan nan ba ne." Ta sunsuna ta biyu, ta ɗan tsaya, ta sake sunsunawa, ta dubi 'yarta. "Ita ma a zubar. Amma akwai tsamina a ciki. Wa ya taɓa mini hammara?"

Abin da auta ta so in gani ke nan, kuma shi ne damuwar manyan masana'antu har gobe. Haske yana ƙirga yawan taro, ba ya tambayar waye a ciki. Yisti da bakteriya, mai rai da matacce, kumfa da ɓurɓushin gari, duk inuwa ce a wajensa. A 1856, a garin Lille na Faransa, wani mai sarrafa barasa daga gwozar sukari ya kai wa Louis Pasteur kuka cewa waɗansu tankunansa suna yin tsami maimakon abin da yake nema. Pasteur ya duba da madubin ƙara girma, ya ga a lafiyayyen tanki ƙwayoyin yisti ne zagaye-zagaye, a mai tsamin kuwa waɗansu 'yan sanduna ne ƙanana sun cika wurin. Ya buga bincikensa a 1857. 'Yan sandunan nan dangin mutanen hammarar Inna ne. Har akwai jinsi guda, Lactobacillus fermentum, da masu bincike suka samu a ƙullin dawar Sudan, suka kuma same shi yana addabar tankunan itanol a Barazil, yana cinye sukarin yisti yana zuba masa tsami. A madafi shi ne mai tsaron abinci, a tanki kuwa ɓarawo ne.

To me ya sa masana'antu suka rungumi hasken duk da haka? Saboda tankin ƙarfe mai cin lita dubu ɗari ba a ɗaga masa murfi a kara kunne. Da can sai a buɗe famfo a ɗebi samfur, a kai ɗakin gwaji, a surka, a ɗiga shuɗin rini wanda matattun ƙwayoyi ke kamawa masu rai su kore shi, a ƙirga ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin madubi. In kuwa shukawa za a yi a faranti, sai an jira kwana ɗaya ko biyu. A Barazil tanki yakan gama aikinsa cikin awa 6 zuwa 12, kafin amsa ta fito an riga an kwashe. Yanzu sai a zura sandar ƙarfe ta jikin tankin, a bakinta akwai 'yar taga ta gilashi mai jure tururi na digiri 121 da ake kashe ƙwayoyi da shi. Wata tana auna hasken da ya ƙetare ɗan gibi, kamar ta auta. Wata tana auna wanda ya dawo baya, kamar yadda hazo ke mayar wa direba hasken fitilarsa, kuma ita ce ta fi jure kauri. Sukan yi amfani da hasken da ke gaba da ja, wanda ido ba ya gani, don launin ruwa kamar na molas bai cika tare shi ba. Kowace daƙiƙa lamba na zuwa kwamfuta.

Amfanin ya fi fitowa a wajen ciyarwa. Mai noman yistin burodi in ya zuba molas da yawa lokaci guda, yistin zai bar hayayyafa ya koma yin barasa. In ya rage, yunwa ta tsayar da shi. Dole abinci ya riƙa ƙaruwa daidai da ƙaruwar bakuna, kuma wanda ya san yawan bakunan a kowane minti shi ne zai iya daidaita famfo. A irin waɗannan tankuna ake yin fenisilin, da insulin na masu ciwon sukari tun 1982. Farin magin nan ma da ya ture daddawa a tukwanenmu, wani bakteriya ne da aka gano a Japan a shekarun 1950 yake yin sa, sau da yawa daga molas ɗin rake. Tsimi ne ya kori tsimi, bambancin kawai ɗaya an auna shi an sa masa lamba.

Masu ƙera na'urori sun san makantar haske, suna ta neman magani. A Aberystwyth ta ƙasar Wales, a shekarun 1980, an fito da sanda mai aiki da lantarki maimakon haske: ƙwayar da fatarta ke lafiya tana riƙe ɗan caji, matacciya ba ta riƙewa, don haka masu rai kaɗai take ƙirgawa. Akwai kuma masu harba hasken leza cikin ruwan su karanta sinadaran da ke ciki daga yadda ya dawo, su ce ga yawan sukari, ga itanol, ga tsamin nono. Wato ana ƙoƙarin koya wa ido aikin hanci, kuma kuɗinsa ba na wasa ba ne.

Ba na so in ɗora wa hancin Inna abin da ba zai iya ba. Mura na iya toshe shi. Ba ya jin gubar funfuna da kan ɓuya a hatsin da aka adana da danshi. Ba a rubuta shi a takarda, ba a aika shi wani gari, kuma ranar da ta kwanta dama zai tafi da ita, in ban da ɗan abin da 'ya'yanta suka tsinta. A biranen Sudan burodi yana ta cin kasuwar kisra, alhali yawancin alkamar daga waje ake sayo ta, dawa kuwa ga ta a ƙofar gida. Da kuɗin burodi ya tashi daga fam ɗaya zuwa uku a Disamban 2018, daga Atbara aka fara zanga-zangar da ta kai ga faɗuwar gwamnati. Burodi ya yi nasara ne don yistinsa yana zuwa a leda, yau kamar jiya, kisra kuwa sai mace ta zauna gaban hayaƙi da ilimin da ke kanta. Haka daddawarmu, haka kindirmo, haka rijiyoyin marina na Ƙofar Mata, inda bakteriya ne ke sa baba ya kama zane, marini kuma yana duban kumfa yana jin wari ya san ko ta nuna.

Burin auta shi ne ta ware mutanen hammarar uwarta ɗaya-ɗaya, ta noma kowane a ruwa garau inda na'urarta ke gani, ta san saurinsa da zafin da yake so, ta busar da su a ƙulla a leda. Ƙullin kansa haske ba ya ratsa shi, gari ya toshe hanya. Kuma ta faɗa da bakinta cewa in ta haɗa irin, ba na'urar ce za ta ce ya yi ba. "Sai Inna ta ɗanɗana, Yaya. In ta ce ba shi ba ne, in koma." Inna na gefe tana ninke hulu-mur, ta ce in dai za a daina taɓa mata tukunya ba sallama, ta yarda.

Na dawo Kano kwana uku kafin azumi, da ƙunshin hulu-mur a jakata da zanen na'urar a bayan ambulan. A zangon karatu na gaba ni da 'yan aji biyar muka haɗa tamu, muka auna yisti a ruwan mazarƙwaila.

Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF. A Disamban shekarar ya iso Jazira, Madani ta faɗa hannun dakarun RSF, sai 11 ga Janairu 2025 sojoji suka karɓe ta, Hasahisa kuma bayan 'yan makonni. Mutanen kanabi na cikin waɗanda suka fi jin jiki. An wawashe ɗakunan gwaji a Madani, har da rumbun adana irin shuka na hukumar binciken noma, wanda ke ɗauke da dawa iri-iri da manoman ƙasar suka gada.

Su Kawu sun fita a bayan babbar mota zuwa Gadarif, kowa da ƙunshi ɗaya. Hammara ta yi nauyi, aka bar ta. Kwalin takalmin ma yana ƙarƙashin gado. Wata biyu ban ji ɗuriyarsu ba, sai wata safiya saƙon murya ya shigo ta WhatsApp. Bayan gaisuwa da lissafin wanda ya rasu da wanda ya ɓace, Inna ta ce ƙullin farko da ta kwaɓa a bokitin roba kwana biyu ya yi bai ce uffan ba, na uku ya tashi da wani wari, ta zubar. Sai wata Bahaushiya maƙwabciyarsu, 'yar asalin Hadeja, ta ɗebo mata ludayi ɗaya daga tata tukunyar. "Ba irin nawa ba ne, 'yar nan, tsaminsa ya fi kaifi. Amma yana magana."

Daga nan auta ta karɓi wayar. Ta ce in na samu mai tahowa, in aiko mata da ƙwan lantarki ja guda biyu da ƙwayar gane haske, bututu da kwalba za ta samu a can. Na saya a kasuwar Sabon Gari, na naɗe su a auduga cikin gidan ashana. Suna cikin jakata, ina jiran matafiyi.